Mashin da Kawu Ya Gicciye a Ƙofar Gabas

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za a tattara mu. Kawuna, wan mahaifiyata, Sarkin Yaƙin garinmu, ya rasu wata Litinin da hantsi a kan tabarmarsa, ƙafafunsa a rana kamar yadda ya saba. Bai yi jinya ba. Ya ce wa Inna, matarsa, ta kawo masa kunu, kafin ta dawo daga madafa an gama.

Ina rumfata ta facin taya a Talata Mafara aka kira ni. Na iso bayan azahar na tarar da ƙofar gidan kamar ba a yi mutuwa ba. Sahun jana'izarsa bai kai na sallar asuba a ranar sanyi ba. Garinmu ƙarami ne, can ɓangaren Faru, amma na ga an binne ɓarawon awaki a cikinsa da jama'ar da ta fi wannan. Da Liman ya juyo ya ce a yafe wa mamaci, sai wani ya yi tari a baya, irin tarin da ba na mura ba.

A wurin zaman makoki na ji abin da na ji. Wani mai shago ya shafa addu'a, ya sunkuya yana neman takalminsa, ya ce wa na kusa da shi, "To, Allah dai shi ka sanin tsakaninshi da mutanen daji." Wani ya ce, "An tahi da magana a ciki." Wani tsohon ardo, abokin Kawu tun suna samari, ya tako da ƙafa daga rugarsu, ya zauna a bakin tabarma shi kaɗai, ba wanda ya matsa masa. Shi ne kawai na ga hawayensa a cikin maza. Da zai tashi ya kama hannuna ya ce, "Ɗan ƙanwatai, katangarku ta faɗi, ba ku ma sani ba."

Ni karatuna bai yi nisa ba, a aji biyu na sakandare na tsaya. Ba don na iya rubutu nake wannan ba. Ina yi ne don an liƙa wa Kawu sunan wanda ya sayar da yaran gari ga 'yan bindiga, kuma in aka yi shiru da wannan sunan jikokinsa za su tashi. Wanda ya liƙa masa sunan yana nan da rai, yana kuma neman sarautarsa.

Gidansu Kawu gidan yaƙi ne tun kakanni. Abin da ya rage na wancan zamani shi ne suna, da rawani, da wani mashi na ƙarfe zalla, tun daga tsini har gindi. Kawu ya shiga soja yana saurayi, ya yi yaƙin basasa, ya kai saje, ya dawo gida da yatsu huɗu a hannun hagu. Bai taɓa ba mu labarin yatsan ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Na bar shi jingina, ban koma karɓa ba." Daga nan ya kama aikin buɗe ƙofofin ruwa a madatsar Bakolori, har ubansa ya rasu aka kira shi gida aka naɗa shi.

Mutum ne mai wuyar zama. Ba ya cin abinci sai kowa ya ci, kuma yana tsaye a kanka kana ci, har tuwon ya fita ranka. Ba ya zama ya ba ƙofa baya, ko a masallaci gefen bango yake nema. Takalminsa kullum fuskarsu na kallon waje. In yaro ya gaishe shi hannu a aljihu, sai ya ce, "Mi ka ɓoye ciki, gurneti?" Ni kaina ya taɓa kora ta daga zaure don na yi hamma yana magana.

Labari ɗaya ne da shi a duniya, kuma ba na yaƙinsa ba ne. A Bakolori ya samo shi, daga bakin wani ɗan Sin da aka kawo gyaran injinan ban ruwa. Suna jiran a kawo wani ƙarfe daga gari, ɗan Sin ɗin ya ji cewa Kawu ɗan gidan yaƙi ne, sai ya zauna a bakin kwalbati ya fara ba shi labari ta bakin tafinta.

Wai a ƙasarsu, a zamanin takobi da doki, an yi wani kwamanda ɗan babban gida. Sarkin ƙasar ya mutu, ƙasa ta tsage, duk mai runduna ya zama sarkin kansa. Kwamandan ya yi wa ubangidansa na farko yaƙi, ya ci masa garuruwa. Aka kira ubangidan cin abinci aka yanka shi a kan tabarma. Kwamandan ya miƙa wuya ga wanda ya yi yankan, don kada a ƙarar masa da dakaru, mutane suka ce ya ci amana. Sabon ubangida bai yarda da shi ba, sai ya tura shi riƙon wani gari a kan iyaka, tsakanin manyan masu runduna biyu da ba sa ga maciji. Wata rana ɗayansu ya zo ya tsokani garin ya juya da gudu. Samarin kwamandan suka ɗaura sirdi za su bi. Shi kuwa ya sa aka rufe ƙofa, ya ɗauko kujera ya zauna a bakinta.

A nan Kawu yake tsayar da labarin. Duk wanda bai sani ba sai ya ce, "Sai me ya faru?"

"Sai mota ta kawo ƙarfen," in ji Kawu. "Tafinta ya ce gobe a ƙarasa. Gobe anka maida su wani wuri."

Shekaru ya yi yana ba da labarin da ba shi da ƙarshe. Ko sunan kwamandan bai riƙe ba. Abin da yake yi shi ne ya juya ya tambaye ka, "Kai a ganinka, mi samarin sunka yi?" Da amsarka yake auna ka. Ni na ce masa wataƙila sun haƙura. Ya ce, "Kai dai raggo ne, amma za ka daɗe."

Akwai ɗan ƙanensa, taubashina, wanda ya taso a hannunsa bayan rasuwar uban. Jarumi ne, ba zan hana shi wannan ba. Da aka tambaye shi, ya ce, "In ni ne, Baffa, sai in ɗauke tsohon da kujeratai in aje gefe in wuce." Zaure ya fashe da dariya. Kawu bai yi ba. Ya dube shi ya ce, "Na sani."

Da daji ya lalace, mu ma muka samu namu masu rundunar biyu. Ɗaya yana bayan dutse, ɗaya yana ƙetaren gulbi, kowanne da yaransa da baburansa, kowanne yana cewa yankin nasa ne, kuma suna kashe juna kamar yadda suke kashe mu. Gari ya tara samari 'yan sa-kai, aka ce Sarkin Yaƙi ya riƙe su. Ya koya musu kwanciya a ƙasa, da yadda ake gadi ba a taru wuri ɗaya ana hira ba. Ya haƙa rami ya kewaye inda ganuwa ta zube. Sau da dama an zo an taɓa garin an koma ba a shiga ba. A lokacin har waƙa mata suke masa a wurin daka.

Rigimarsa da samarin ta fara ne a kan masu nono. Samari suka ce daga yau ba matar ruga da za ta sake shiga kasuwarmu, wai su ke kai rahoto. Kawu ya ɗauki sandarsa ya je bakin gari, ya shigo da matan a bayansa, ƙorai a kansu, har tsakiyar kasuwa. Ya sayi nono ya tsaya ya shanye a gaban kowa. Taubashina ya ce, "Baffa, kana shan nonon abokan gaba?" Kawu ya goge baki ya ce, "Wagga da ka gani, uwatta ta shayar da ubanka lokacin da kakarka ta kwanta ciwo. In abokan gaba ne, to da jininsu kake yawo."

Abu na biyu shi ne zuwansa ƙetaren gulbi. Gero ya nuna a gona, ba mai iya zuwa yanka. Kawu ya hau bayan babur da rana tsaka, ba bindiga, ya je ya zauna da mai rundunar can. An ba shi fura ya sha. Ya dawo ya ce a je a yi girbi, ba abin da zai faru. Aka yi girbi, ba abin da ya faru. Kowa ya ci geron nan. Masu cewa ya sha fura da 'yan bindiga, da tuwon geron nan a cikinsu suke faɗa.

Sai na bayan dutse ya ji haushi an yi sulhu ba da shi ba. Wata safiya yaransa suka kore shanun huɗar gari daga fadama, ido na ganin ido. Ina garin ranar, na zo duba mahaifiyata. Kawu ya je ya duba sawu ya dawo. Ya ce shanun a hankali ake kora su, kamar masu zuwa kiwo, kuma an bi da su ta hanyar kwazazzabo alhali ga fili. Ya ce, "Ba shanu suka so ba. Ku suka so."

Samari sun riga sun hau babura. Sai Kawu ya shiga gida ya fito da mashin.

Ga al'adar, don na yanzu ba su san ta ba. In Sarkin Yaƙi ya kwantar da mashinsa a gicciye a ƙofar gari, ba fita. Ko mai gari bai isa ya ce a fita ba. Wanda ya kwantar da shi, shi kaɗai ke ɗauke shi. Wanda ya tsallaka, jininsa a kansa. Kakanninmu ba su taɓa ganin an tsallaka ba.

Ƙofar gabas yanzu ba ƙofa ba ce, giɓi ne tsakanin tudun tsohuwar ganuwa biyu. A nan Kawu ya kwantar da mashin, ya koma gefe ya tsuguna. Baburan suka tsaya suna ruri. Taubashina ya sauko.

"Baffa, ɗauke ƙarfen ga."

"Ba ni ɗauka."

"Shanunmu na tahiya muna kallo?"

"Shanu a kasuwa aka sayo su. Ɗiyan mutane ba a kasuwa aka sayo su ba."

"Wanga camfi ne. Tsufa ya sa ka tsoro, ko kuwa furar da ka sha ce ba ta sake ka ba."

Taubashina ya ɗaga ƙafa ya tsallaka, ya jawo baburinsa ta kai. Na ji ƙarar tayar a kan ƙarfen, har yau ina jin ta, ni da nake sana'ar taya. Wasu suka bi shi. Wasu suka zo daf da mashin suka tsaya, suka kashe babur, kansu a ƙasa. Aka yi musu ihu, ana ce musu mata.

A kwazazzabon aka jira su. Kafin la'asar waɗanda za su dawo sun dawo, kuma ba su da yawa. Taubashina ya dawo da harsashi a cinya.

Washegari ba wanda ya yarda ya je ɗauko gawa. Kawu ne ya je, shi da tsohon ardon nan, da amalanke da shanun aron ruga. Su biyu suka loda, su biyu suka kawo. Yana sauke su a ƙofar masallaci, wata tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda duk gari ke kira Gwaggo, ta ga 'ya'yanta biyu a ciki. Ta zo gabansa ta tofa masa yawu a riga. Bai goge ba har aka gama sallah.

Gari yana neman wanda zai ɗora wa, taubashina kuma yana neman inda zai sauke. Daga kan gadon jinya ya fara: ta yaya aka san za su bi ta kwazazzabo? Wa ya sha fura a daji? Wa ya hana rabin yara fita don a samu sauƙin cin sauran? Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa furar a ƙetaren gulbi aka sha, kisan kuma na bayan dutse ne ya yi. Daji dai daji ne a wurinsu. Aka karɓe 'yan sa-kai daga hannun Kawu aka ba taubashina. Aka daina gaishe shi a hanya. Na ce masa ya tara mutane ya yi magana. Ya ce, "In ce mi? In ce wa uwa ɗanta ya mutu don bai ji magana ba? Bar ta ta zage ni, ya fi mata sauƙi."

Mashin kuwa bai ɗauke ba. Liman ya roƙe shi, mai gari ya aika masa. Amsarsa ɗaya ce: "Ban ga abin da ya sake ba. Ranar da fita ta yi amfani, ni ka ɗauke shi."

Abin da ya ba ni mamaki, kuma yake ba ni haushi, shi ne wannan. Mutanen da ke zaginsa ba wanda ya sake tsallaka mashin. Masu zuwa gona suka fara hawa ta kan tudun ganuwa na dama. Babura suka bi, amalanke ta bi, har tudun ya kwanta ya zama hanya. Yau in ka nufo garinmu daga gabas, hanya tana zuwa sak, sai ta karkace ta zagaye ta dawo. Baƙo ba zai san dalili ba. Masu sayen tsohon ƙarfe, waɗanda ko murfin tukunya ba sa bari, sun zo sun gani sun wuce. Damina takan kawo yashi ta rufe shi, amma duk zuwan da na yi nakan tarar an share. Na ɗauka Inna ce.

Ganina da shi na ƙarshe, na kawo masa albasa da shinkafar Bakolori. Ya rame, amma takalman na kallon waje. Na ce masa wani yaro mai babbar waya ya ce in da suna zai iya nemo ƙarshen labarin kwamandan Sin. Ya yi dariya, abin da ba ya yi. Ya ce, "Bar shi. Da ina son in sani. Yanzu ina jin na sani."

Ranar addu'ar bakwai taubashina ya zo da motar sintiri da yaransa, cikin babbar riga mai sitaci. Ya yi ta'aziyya da babbar murya. Kowa ya san abin da ya kawo shi: mai gari ya ce ba ya naɗa Sarkin Yaƙi sai da mashi a hannu. Ana shafa fatiha ya miƙe ya nufi ƙofar gabas, jama'a a bayansa, jama'ar da ta ninka ta jana'iza. Na bi su.

Muka tarar da Gwaggo mai daddawa zaune a ƙasa a gefen mashin, tsintsiya a cinyarta.

Taubashina ya rusuna. "Gwaggo, ina kwana. Ya ƙarin haƙuri? A ɗan matsa mani."

"Lahiya lau. Mi za ka yi?"

"Kayan gidanmu zan ɗauka."

"Kai ka aje shi?"

"Wanda ya aje ya rasu, Gwaggo. Ni ne magaji."

Ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ta ce, "Maza uku na haifa. Biyu sunka bi ka. Ɗaya ya zo nan, ya ga ƙarfen ga, ya kashe babur, kunka yi mishi ihu. Shi ka noma mani yau. Shi ka sai mani magani."

Ɗan nata yana cikin jama'a, ɗiyarsa a kafaɗa. Da shi da sauran waɗanda suka tsaya a ranar, rabinsu ba su zo jana'iza ba don tsoron mai motar sintiri. Na ga suna kallon ƙasa, kamar wancan karon.

Gwaggo ta ci gaba, ba ta ɗaga murya ba. "Na tofa wa bawan Allah yawu a gaban masallaci. Bai ce mani komi ba. Na kasa zuwa in roƙe shi gafara, kunya ta hana ni, sai na riƙa zuwa ina share mishi kayanshi. Yanzu ya tahi. Kai ka iya tsallakawa, mun gani. Tsallaka. Ɗauka kam, sai ka fara ɗauke ni."

Ɗaya daga yaransa ya matso, taubashina ya ɗaga masa hannu. Ya juyo yana neman fuskar da za ta goya masa baya, sai idonsa ya faɗa a kaina. Tsakanin taubasai akwai wasa, ba mai hana ni magana. Na ce, "Taubashi, ga tsohuwa ba ko kujera. Ai ta fi sauƙin ɗauka a aje gefe."

Ba wanda ya yi dariya sai tsohon ardo.

Taubashina ya tsaya har zufa ta ɓata masa sitaci. Daga nan ya juya ya shiga motarsa da ta biyo shi. Direbansa ya taho sak har gaban mashin, kamar mai jiran umarni. Muna kallo. Sai ya murza sitiyari dama, ya hau ta kan tudu, ya zagaye kamar kowa.

Har yau ba a naɗa Sarkin Yaƙi ba. Ban ce gari ya tuba ba, mutanenmu ba su iya wannan ba. Mai shagon nan dai ya daina maganar daji, kuma ranar Juma'a na ga wasu daga cikin waɗanda suka kashe babur a gaban mashin sun je sun gyara kabarin, sun kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Sun yi latti, amma sun je.

Ban san yadda aka ƙare da kwamandan Sin ba, ko an rubuta shi jarumi, ko maci amana, ko an manta da shi gaba ɗaya. Namu dai ba a rubuta shi ko'ina ba sai nan. Allah Ya yafe masa zafin ransa, Ya karɓi haƙurinsa, Ya mayar masa da yatsansa a inda ba a yaƙi. Allah Ya jiƙan yaran da suka tsallaka, su ma ɗiyan mutane ne.

In ka zo garinmu ta gabas, ka rage gudu kafin tudu. Akwai kwana.